Amsoshin Mma Hadija

Ranar Juma'a Hanifa tana wanke shinkafa a tsakar gidansu da ke unguwar Ayigya Zango sai ta ji sallama. Ta ɗaga kai ta ga baƙuwa riƙe da jakar awon jini. Anti Kausara ce, ma'aikaciyar binciken hawan jini da mahaifiyar Hanifa, Mma Hadija, ta shiga shekara huɗu da suka wuce. Kowace Juma'a manhajar binciken takan aiko tambayoyi ta waya a amsa.

"Ina Mma? Awon shekara na zo yi mata."

"Ta fita," in ji Hanifa.

"Zan jira. Duk unguwar nan ita kaɗai ce ba ta taɓa tsallake mako ba."

Kausara ta zauna a benci. Hanifa ta ci gaba da cuɗa shinkafar da ta riga ta wanku. Can sai wayar Mma ta yi ƙara daga kan taga, muryar manhajar ta ce, "Sannu, Mma Hadija, yaya jiki?"

Kausara ta dubi wayar, ta dubi Hanifa.

"Ta rasu tun azumi, Anti. Ni nake amsawa. Yanzu ba mai kiran sunanta sai wannan abin."

Kausara ta yi mata ta'aziyya. Ta ce ba wanda zai tuhume ta, amma dole a cire amsoshin wata biyar, a rufe rajistar. Ta ciro biro ta tambayi ranar rasuwar, Hanifa ta share hannu a zane ta faɗa mata.