Riƙon Yaya

Da Yaya ta naɗe hannun rigar Mama ta ga shatin yatsu ya kwanta baƙi ƙirin a damtsenta, sai ta ji kanta ya ɗau zafi. Mama ba ta magana tun da ɓarin jikinta ya shanye, balle ta kai ƙara. Wato wannan tsinannen inji mai hannu biyu da Auta ya girke a gefen gado, shi ke murje tsohuwa duk sa'ad da zai juya ta.

Yaya ta kira ƙaninta Auta, injiniyan gidan, yana zuwa ta wanke shi tas. Ba shi ya cika musu kunne ba? Wai injinan farko ƙarfe ne zalla, ka ba su ƙwai su fasa. Wai daga baya aka sa musu abin jin nauyi a yatsa. Wai wannan fata gare shi, yana jin taɓi kamar mutum, na gaba ma har zazzaɓi zai riƙa ji. Ji, ji, ji, jin me? Ita da ta ajiye aikinta, tana wanka da juyi da wankin zanin gado har bayanta ya ƙage, sai a kawo ƙarfe ya illata mata uwa? Ta ce ya fitar da shi yau, ko ta aro guduma.

Auta bai yi musu ba. Ya durƙusa ya duba damtsen. Sannan ya tuna mata safar hannun nan mai wayoyi da ta riƙa sawa tana juya Mama, don injin ya koyi riƙo.

"Yaya, ba shi da riƙon kansa. Naki ne. Yadda kika matsa, haka yake matsawa."

Ta ce ƙarya yake. Shi da ke leƙowa ran hutu da ledar lemo, me ya sani? Ta zazzage shi har muryarta ta dishe. Abin da ya fi ƙona mata rai, ta tuna kwanakin sarai: ba barci, ba mai kama mata, ga Mama ta yi nauyi.

Ta fizge wayar injin daga bango, ta ce wa Auta ya matsa ya ga yadda ake riƙon uwa. Ta miƙa hannu.

Tun kafin yatsunta su kai, Mama ta runtse ido ta janye kafaɗa.