Layin da Ya Bi Ta Kan Baba

Ba a sayar da gidan da aka binne mai shi a ciki, kowa ya san wannan a Legas. Shi ya sa tsoho Adisa ya bar wasiyya a sa shi a baranda, don ya san irin 'ya'yan da ya haifa. Babban ɗansa Alani, mai walda, shi ke zaune a gidan, kullum da safe a gefen simintin kabarin yake ajiye kofin shayinsa. Ƙannensa Taju da Mulika sun daɗe suna son a sayar a raba, kabarin nan ne ya tokare musu maƙogwaro.

Ana nan sai aka ce za a ƙara wa jirgin ƙasa na cikin gari tsawo, ya biyo ta unguwarsu. Masu awo suka zo suka shafa jan fenti a bango, layin ya ratsa barandar, daidai ta kan Baba.

Ciyaman ɗin mazaɓa, Oyedeji, ya zo da kansa, yana fifita da hula.

"Alani, wannan karon kuɗi sun iso. Rance ne daga waje, an sa hannu. Ka kwashe tsoho cikin mutunci kafin katafila ta kwashe shi da haƙori."

"Haka kuka ce a zaɓen da ya wuce, Oga."

"Wancan aza harsashi ne. Wannan ƙaddamarwa ce."

Matar Alani tana da atamfar anko mai hoton jirgi har kala uku, kowane zaɓe da tasa. Ta farkon ta daɗe da zama tsumman goge ɗaki. Amma wannan karon Alani ya ga ginshiƙai da idonsa sun taso har bayan kasuwa, ya kuma ga yadda katafila ta yi da wani shagon katako. Ya kwana biyu bai kunna injin walda ba, sannan ya kira liman.

Ranar tonon, Taju ne ya fara zuwa. Shi ya riƙe shebur, shi ya samo motar da ta kai ƙasusuwan zuwa garinsu, can wajen Iseyin. Alani ya ce a ransa, ashe yaron nan yana da zuciya.

Aka yi zaɓe, aka gama. Katafila ba ta zo ba. Ruwan sama ya cika ramin, kwaɗi suka tare a ciki, Alani ya sa aka zuba yashi. Fentin bango ya koɗe. Wata rana yana cikin waldar ƙofar wani, ya ji a rediyo majalisa ta zaftare kasafin, masu ba da rance kuma rabi suka sako. Saboda haka layi zai lanƙwasa ya bi tsakiyar babban titi, inda babu wanda za a biya diyya. Ya ƙarasa ƙofar, ya goge ta, ya shafa mata fenti, sannan ya tafi wurin ciyaman.

"To ai sai ka gode wa Allah," in ji Oyedeji. "Gidanka ya tsira, ga tasha za a yi kusa da ku. Ƙasarku ta zama zinariya."

"Baba fa?"

"Baba ya koma garinsu. Wa ya ƙi gida?"

Alani ya tsaya yana kallon wata kalandar jirgi da ke bango. Ya nemi fushi a cikinsa bai samu ba, ya juya ya fito.

Ranar Lahadi Taju da Mulika suka zo da wani mutum mai ƙaton ciki, riƙe da tef ɗin awo. Taju ya zube ƙasa ya kwanta rub da ciki ya gaishe da Alani, gaisuwar da rabonsa da ita tun suna yara. Mulika ta durƙusa.

"Buroda, babban yaya, wannan bawan Allah otal yake son ginawa saboda masu sauka a tasha," in ji Taju.

"Ba a sayar da gida da uba a ciki."

"Gaskiyarka, Buroda. Ina uban?"

"Da hannunka ka naɗe shi a likkafani," in ji Mulika, murya ƙasa-ƙasa. "Mun kai magana wurin dattawan dangi, sun ce mu biyu ne, kai ɗaya."

Alani ya dubi inda kabarin yake a da. Yashi ne, har ciyawa ta fara tsirowa, ga sawun kaji. Kofin shayin yana hannunsa tun safe, ya yi sanyi, ya rasa inda zai ajiye shi.

Mai ƙaton cikin ya warware tef ɗinsa, ya duba hagu da dama bai ga mai kama masa ba.

"Baba mai walda, don Allah riƙe mini bakin nan a jikin bango."

Alani ya ajiye kofin a kan yashi, ya karɓa, ya danna shi a inda jan fentin ya koɗe. Mutumin ya ja, ya ratsa barandar, yana karanta lamba da ƙarfi.