Shafi Huɗun Baba Mai Jan Biro

"Tsaya, koma baya," in ji tsohon, idonsa a rufe. "Kin haɗiye waƙafi. Yunwa kike ji ne?"

Tela ta yi dariya, ta mayar da yatsa farkon layin. Tana zaune kan kujerar roba a bakin ƙofar ɗakinsa, shi kuma yana kishingiɗe kan katifa, an tokare masa baya da filo biyu, ƙafafunsa sun kumbura suntum.

Shekara talatin da ɗaya ya yi a maɗaba'a yana tsince kurakurai kafin a buga littafi, shi ya sa 'yan gidan hayar ke ce masa Baba Mai Jan Biro. Matarsa ta daɗe da rasuwa. Ɗansa guda yana wata ƙasa, sai dai waya, ita ma sai an ga dama. Ɗakin Tela, wadda sana'ar ɗinki ta zame mata suna, na jikin na tsohon, daga ita sai keken ɗinkinta tun da mijinta ya rasu. Shekara goma sha uku rabonta da aji, amma ta ƙwallafa rai sai ta shiga makarantar koyon jinya. Bara ta zauna jarrabawar shiga ta faɗi. Lokaci ne ya ƙare mata tana fama da dogon rubutun da ake yin tambayoyi a kansa, ta karanta shi sau uku bai shiga ba.

Da ta sake yankar fom, sai ta duƙufa haddar tsofaffin amsoshi da ƙarfi. Wata safiya tsohon ya tare ta a bakin famfo.

"Nas, ina jiyo ki ta bango. Wannan ai ko aku zai yi."

"Baba, kaina ne ya yi tsatsa."

"Ba tsatsa ba ce, rashin sabo ne. Ba a fafe gora ranar tafiya. Shafi huɗu kullum kafin ki taka keke. In kin gama ki rufe littafin, ki gaya mini abin da ya ce cikin jimla uku."

Bai ba ta littafin jarrabawa ko ɗaya ba. Ya ba ta na kiwon zuma, da labarin wani matuƙin jirgin ruwa, da wani mai bango a yage kan yadda ake yin gilashi. Makonnin farko hamma take yi tun a shafi na biyu, in ya tambaye ta sai ta yi ta kame-kame. Ya ce ba komai, gobe ma rana ce. A wata na biyar, wata mai karɓar ɗinki ta yi sallama har sau uku, Tela ba ta ji ba, ta kai shafi na goma sha ɗaya. Ranar tsohon ya yi ta dariya har tari ya sarƙe shi.

Tarin nan bai sake shi ba. A asibiti suka ce zuciya ce ta gaji, suka ba shi ƙwayoyi ya dawo gida. Tun daga nan karatun ya koma bakin ƙofarsa.

Ranar jarrabawa ta leƙa ɗakinsa da sassafe, ta tarar da shayin jiya yadda ta ajiye shi. Numfashinsa yana fita da ƙyar, kamar mai hawa tudu da kaya. Ta kira lambar ɗansa sau biyu, ba a ɗauka ba. Ta ajiye jaka a ƙasa.

"Baba, na fasa zuwa. Baɗi ma shekara ce."

"Ga mai ita." Ya buɗe ido. "Ke likita ce?"

"A'a."

"To zamanki me zai ƙara mini? Je ki zama nas tukuna, sannan ki zo ki yi mini iyayi."

"Wa zai kula da ku?"

"Wanda ya kula da ni kafin ki tare a gidan nan. Tashi. Kuma kar ki fara da tambayoyin, karanta rubutun a natse, kamar ni za ki ba labari."

Ta roƙi matar direba, mai ɗakin ƙarshe, ta riƙa leƙa shi. Ta fita tana waiwaye.

Rubutun da aka ba su a kan yadda ruwa ke isa famfunan gari ne. Sau ɗaya ta karanta, ya zauna mata daram. Ta gama komai da sauran minti goma sha ɗaya, ta zauna tana kallon ƙeyar na gabanta. A cikin bas tana ta shirya jimlolinta uku, ta cire wannan kalma ta sa waccan, don ta san ba ya raga wa kowa.

Tun daga kan layi ta hango benci a ƙofar gida da maza huɗu zaune shiru. Matar direba ta tare ta a tsakar gida ta riƙe mata hannu.

"Sai haƙuri, 'yar'uwa. Wajen sha ɗaya ne. An riga an tafi da shi."

Tela ta jingina da bango. "Ya ce wani abu?"

"Ya tambaye ni ƙarfe nawa. Na ce goma da rabi. Ya ce, 'To, sun fara.' Da na koma kai masa ruwa, shi ke nan."

Aka yi ta shigowa ana fita har yamma. Ba wanda ya tambaye ta yadda jarrabawar ta kasance.

Ɗansa bai samu zuwa ba. Ta waya ya ce wa mai gidan a rabar da kayan, Tela ta tashi da kwali biyu na littattafai, ta tura su ƙarƙashin gado. Kullum da safe takan jawo ɗaya ta karanta, amma a zuci, don muryarta ta yi mata yawa a ɗakin.

Bayan mako shida saƙo ya shigo wayarta da hantsi, tana tsakiyar kafa hannun riga. An ɗauke ta a makarantar jinya. Ta miƙe ba takalmi ta fito tsakar gida. Kowa ya tafi nema, sai ƙofar ɗakin tsohon a buɗe, wani mai fenti a ciki yana gyara wa sabon ɗan haya. Ya juyo ya gan ta tsaye da waya a hannu.

"Lafiya, baiwar Allah?"

"Na ci jarrabawa ne."

"To, madalla," in ji shi.

Ya tsoma buroshi a bokiti. A bangon akwai dogayen layuka masu haske inda katakon littattafai ya tsare ƙura shekara da shekaru. Ta tsaya nan tana kallo, shuɗin fenti yana bin su ɗaya bayan ɗaya.