Zoɓon da Na Ƙi Sha a Gidan Su Rumasa'u

Daren jiya na yi wani mafarki, kuma sai na faɗe shi, ko da za a ce ciwona ne ya tashi.

Ciwon ba ɓoyayye ba ne a unguwa. Wata bakwai ke nan da abokai suka jiƙa zaƙami a zoɓo ranar bikin abokina Saminu. Ina sane na sha kofi biyu, don a ce ni ma namiji ne. Kwana uku ina hira da katanga, mako biyar ina asibiti. Tun daga nan dangin Rumasa'u, wadda na rubuta wa waƙa arba'in, suka daina amsa sallamata.

To a mafarkin sai ga ni a ƙofar gidansu da rana tsaka, ruwan sama yana tashi daga ƙasa yana komawa gajimare. A zaure wata akuya ce mai tabarau zaune gaban tebur, tana buga wa takardu hatimi tana cinyewa.

"Sunanka?"

"Nafi'u."

"Hankali nawa ka zo da shi?"

"Ɗaya, Hajiya. Shi ma ɗinkakke ne."

"Ba a shiga da shi. Rataye shi a ƙusa."

Na dubi bango. Hankulan samarin unguwarmu ne a jere kamar huluna, wasu har gizo-gizo ya yi saƙa a ciki. Na gane na Saminu, da sauran ƙamshin turaren angonci a jikinsa. Na ce da nawa zan shiga. Ta buga mini hatimi a goshi, ta ce, "Kanka ake ji."

Sai ga ni a kan tabarma. Tabarmar tana numfashi. Baffan Rumasa'u, wani bunsuru cikin babbar riga, yana shafa gemu. Ita kuma tana gefe, kyakkyawa kamar safiyar da aka kwana ana ruwa, sai dai ƙwayar idonta ta buɗe kamar bakin rijiya.

Baffa ya miƙo kofi. Zoɓo ne ja wur, 'ya'yan zaƙami suna iyo a ciki, kowanne da ido yana ƙifta mini.

"Sai baƙo ya sha ruwa ake jin ta bakinsa," in ji shi. "Sha, sannan ka yi maganar aure."

Na san al'ada. Ban taɓa mayar da ruwan baƙo ba, ko na randar da ta yi gansakuka. Kofin kuma ya soma raɗa mini da muryar Saminu: "Mawaƙi, duk baitocin da ka kasa rubutawa suna ƙasana."

"Ƙarya kake," na ce wa kofin. "Na je can. Ban dawo da baiti ko ɗaya ba, sai rawar hannu da kukan Innata."

"Yaro, a gidana za ka ƙi ruwa?" Ƙahonin Baffa suka yi tsawo har suka huda rufi.

"Allah ya huci zuciyarka, Baffa. Ba zan sha ba."

Rumasa'u ta matso. "Kurɓa ɗaya, Nafi'u. Don ni."

Wallahi zuciyata fitowa ta yi ta zauna a gwiwata tana kuka. Na ce, "Rumasa'u, in na sha, wanda zai tashi daga tabarmar nan ba ni ba ne. To wa za ki aura?"

Baffa ya ce a fitar masa da mahaukaci. Awaki huɗu suka ɗaga ni sama, ina ihu: "Ku riƙe 'yarku! Da hankalina na shigo, da shi zan fita, ko da ni kaɗai ne!"

Ƙarar injin markaɗen maƙwabta ce ta tashe ni. Inna tana tsaye a kaina da koko, da ƙwayar maganina, da tambayar da take gwada ni da ita kowace safiya.

"Nafi'u, yau wace rana ce?"

"Laraba, Inna."

Ta daɗe tana kallon cikin idona. Sannan ta yi wata dariya da na manta tana da ita.

"Alhamis ce. Amma wannan kuskuren masu lafiya ne. Tashi, koko na hucewa."