Fentin Gul Zaman

Ni Shafqat, shekara tara na yi a shagon Ustad Karamat a Rawalpindi ina koyon gyaran rediyo. Shi ya riƙe hannuna ranar da na fara narka dalma. Da na buɗe nawa shagon ma, shi ya zo ya yi bismilla ya kunna fitilar farko.

Da Mauludi ya matso, dattawan unguwarmu suka ce in haɗa musu amfilifaya, na'urar ƙara sautin lasifika, sun gaji da ta haya. Kaina ya kumbura. Na haɗa komai da hannuna, ban da taransifoma. Wannan sai Ustad, don shi kaɗai ya rage a layinmu mai naɗa waya da hannu, kuma abincinsa ke nan tun da ƙarfinsa ya ja baya. Kwana huɗu ya yi a kanta.

Akwatin ƙarfen kuwa na ce ba zai fita tsirara ba. A garinmu ko amalanke sai an yi mata ado, balle abin Mauludi. Na kai wa Gul Zaman mai fentin manyan motoci. Ya bi ciki da waje da jan fenti har shafi uku, sannan ya zana ɗawisu biyu da furanni a kai.

"Wannan ko amarya albarka," in ji shi.

Ranar gwaji dattawa suka taru a shagon shayin Billa. Ina kunnawa lasifika ta ɗauki wani ƙugi, buuu, kamar an rufe ƙudan zuma a tulu. Ɗaya daga cikin dattawan, Haji Munawwar, ya karɓi makirufo ya yi sallama, ƙugin ya danne shi.

"Shafqat, janareta muka sa ka haɗa?" in ji Billa, aka kwashe da dariya.

Kunya ta kama ni, bakina kuma ya riga hankalina. Na ce, "Aikina lafiya lau yake. Taransifomar Ustad ce. Tsufa ya zo, hannunsa rawa yake yi, kun dai sani."

Wallahi ban auna komai ba kafin in faɗi haka. Kafin la'asar maganar ta gama layi. Washegari na ga mutum biyu sun fito daga shagon Ustad da fankokinsu a hannu, sun fasa gyaran.

Na koma na duƙufa. Na canja kwandansa mai tace wuta, ƙugi na nan. Na raba wayoyin wuta da na sauti, na sake dalma gaba ɗaya, yana nan. Na sayo taransifomar kamfani na cire ta Ustad. Don haushi na fasa tasa da guduma, na miƙa wa mai sayen tsohon ƙarfe jar wayar da ke ciki. Na kunna. Buuu, ko ɗigo bai ragu ba. Nan na gane ba laifin Ustad ba ne, amma ban faɗa wa kowa ba.

Rana ta uku da hantsi sai ga Ustad a ƙofar shagona da sandarsa. Na miƙe zumbur.

"Zauna, ɗana. Kunna in ji."

Na kunna. Ya saurara, ya ɗora tafin hannunsa a kan ɗawisun Gul Zaman, ƙugin ya sauya murya. Ya ɗauke hannu, ya dawo yadda yake.

"Buɗe. Ina ka ɗaure wayar ƙasa?"

Na nuna masa notin da ke riƙe ta a jikin akwatin.

"Kwance shi."

Ya zaro 'yar wuƙarsa ya shiga kankare fentin wurin. Hannun na rawa, gaskiya ne, amma bai tsaya ba sai da farin ƙarfe ya bayyana. Na mayar da wayar na ɗaure. Da na kunna, shiru. Har na leƙa in ga ko an ɗauke wuta ne, sai na ga fitilar na ci.

"A kan fenti ka ɗaure ta," in ji shi. "Ba ta taɓa ƙarfe ba, ta ina hayaniyar za ta fita? A watanka na farko na koya maka wannan, har na ja maka kunne."

Na so ƙasa ta tsage in shige. Na durƙusa na kama gwiwarsa. "Ustad, na cuce ka. Yanzu zan je wurin Billa in faɗa wa kowa ƙarya na yi."

"Za su ce ladabi ne, yaro na rufa wa maigidansa asiri. Baki ba zai wanke ni ba." Ya nuna taransifomar kamfanin da sandarsa. "Cire wannan ka mayar da tawa. Mu kai shagon shayin, ka buɗe akwatin su gan ta a ciki, ka kunna su ji da kunnensu. Shi ke nan abin da nake so."

Ya waiga yana duba kantocina ɗaya bayan ɗaya.

"Ɗauko ta mana, ɗana. Ina ka ajiye ta?"

Gudumar tana nan a kan teburi, kusa da hannunsa.