Muryar Paulette

A zauren da Corinne Hruska take aiki, a wani tsohon sito da ke gefen Omaha, mutane cike suke maƙil suna tallar kaya ta waya, amma murya ɗaya ce tak take fita: muryar yayarta Paulette, wadda ta rasu bara.

Kamfanin da take wa aiki, garantin gyaran firiji da injin wanki yake sayar wa mutanen da ba su nema ba. Da can kowa da bakinsa yake talla. Sai masu kamfani suka lura Paulette ta fi kowa ciniki. In ta ce "barka da rana," ko tsoho mai baƙin rai a wani ƙauyen Iowa sai ya fasa kife waya. Suka shigar da ita wani ɗaki, suka naɗe muryarta gunduwa-gunduwa, gaisuwa daban, farashi daban, lallashi daban, kowace gunduwa da madanninta. Tun daga nan aka rufe wa ma'aikata baki. Na'ura ta kira mutum, kai ka saurara, ka danna abin da ya dace, Paulette ta amsa. Wanda ya buɗe bakinsa ya yi wa mai saye magana, ranar zai tattara komatsansa.

Wai shi ke nan an sauƙaƙa wa ma'aikata. Sauƙin banza! Zaure ya koma tsit, ba ka jin komai sai ƙas-ƙas ɗin yatsu. Amma in Corinne ta zare abin kunnenta, takan ji muryar tana tsiyayowa daga kunnuwan mutane ta kowace kusurwa, ƙasa-ƙasa: Paulette a nan tana gaisuwa, Paulette a can tana ba da haƙuri, wata kuma ana zaginta tana godiya. Akwai inda take cewa "na gane," wani siririn tari ya biyo baya. Ba wanda ya taɓa kula da shi. Corinne kuwa ta san tarin, shi ne ya girma ya kai ta asibiti.

Aikin ya ishi Corinne har wuya. Bayi ma sai ka danna neman izini, ka zauna kana matse ƙafa har a amsa. Da yamma takan koma gida da kai kamar an sara, in maƙwabciya ta gaishe ta sai ta ji yatsarta tana neman madanni a jikin jaka. Amma ina za ta? A duk duniya nan kaɗai yayarta ke magana.

Ran Litinin Trent Baumgart, shugaban zauren, ya shigo da kwalayen fiza, burodin nan mai cuku a kai. Kowa ya sha jinin jikinsa, don Trent ba ya ciyar da mutane a banza.

"Jama'a, albishirinku," in ji shi. "Na sama sun ji kokenku. Kun ce aiki ba ya muku daɗi, to an kawo canji. Daga mako mai zuwa sabuwar murya za mu samu, yarinya ce daga Texas. Mutane sun haddace tsohuwar, da sun ji ta sai su kashe. Juma'a da yamma za a goge ta."

Odalys, wadda teburinta ke manne da na Corinne, ta ɗaga hannu da fiza a bakinta. "Oga, mu bayi muka ce a bar mu mu je. Ita sabuwar muryar za ta riƙa yi mana fitsarin ne?"

Aka kwashe da dariya, ban da Corinne. Ta bi Trent har ofishinsa.

"Ku ba ni kwafi. Ko gaisuwar kaɗai."

"Corinne, wallahi ina jin ki. Amma dukiyar kamfani ce, yayarki da kanta ta sa hannu. Ni ɗin banza, ban da iko."

Sata ma ba hanya. Wayoyin hannu a akwatin bakin ƙofa ake kulle su, saboda lambobin katin bankin masu saye. Ta koma kujerarta zuciyarta na tafasa, ta danna, Paulette ta ce wa wani mutumin Dakota, "Barka da rana!"

Ran Laraba ta biya gidan Mama a kudancin gari. Tsohuwar tana murza ƙullin burodi, Corinne kuwa baki ya suɓuce mata ta faɗi zancen. Hannun Mama ya tsaya cak cikin ƙullin.

Tsakanin Mama da Paulette akwai tsohon miki. Lokacin da Paulette ta gudo daga gidan mijinta da ido a kumbure, Mama ce ta ɗauki jakarta ta mayar cikin mota, ta ce a gidansu ba a kashe aure, kuma me za a ce a coci? Paulette ta koma, ta sha abin da ta sha, daga baya ta fita da ƙafarta, ba ta ƙara taka gidan Mama ba. Har a gadon asibiti ta riƙe hannun Corinne ta ce, "Kada ki bari ta shigo." Corinne ta tsaya a ƙofa ta tare uwarta, ta ce likita ne ya hana.

"Ki kira ni da ita," in ji Mama.

"Mama, talla ce fa. Zancen firiji ne kawai."

"Na ce ki kira ni. Ku kuna jin ta kullum kamar rediyo, ni da na haife ta rabona da muryarta har na manta."

"Za su kore ni."

Mama ta ci gaba da murza ƙulli. Corinne ta tsani wannan shirun tun tana yarinya.

Akwai kafa ɗaya. In mai saye ya ce a sake kiransa, ma'aikaci yana da damar buga lambar da hannunsa. Ran Juma'a bayan abincin rana, Corinne ta buga lambar gidansu a matsayin mai saye. Odalys ta leƙo, ta ga sunan, ta zaro ido.

"Ke! Kin haukace?" ta raɗa mata. Sai kuma ta gyara kujerarta ta kare ta daga hanyar Trent.

Ko ƙara ɗaya wayar ba ta gama ba aka ɗauka. Corinne ta danna.

"Barka da rana! Paulette ce. Yaya gida?"

Numfashi kawai ake ji. Can Mama ta ce, "Lafiya lau, 'yar nan. Lafiya lau." Muryarta ta koma ƙarama, irin wadda Corinne ba ta taɓa ji ba. "Gwiwa ce dai take damuna. Tumatirin bayan gida kuma bana bai yi ba."

"Ayya, sannu."

"Yauwa. Kawunki Milo ya rasu, ko kin ji? Ko da yake ke za ki riga mu sani."

Corinne ta danna "na gane," tarin ya biyo baya, ta ji Mama ta ja numfashi. Sabo kuwa mugun abu ne, yatsarta ta zarce da kanta zuwa madanni na gaba.

"Shekarar firijinku nawa yanzu?"

Corinne ta cije leɓe. Amma Mama sai ta amsa tsakani da Allah. "Wanda babanki ya saya ne, ai kin san shi. Yana nan yana gurnani. Hotonki na makaranta ma yana jikinsa, ban cire ba."

Wata 'yar fitila ja ta kama a gefen allon. Trent ya hau layin yana saurare. Corinne ta san aikinta ya ƙare, abin mamaki kuma ko a jikinta. Tsoronta ɗaya kada ya katse.

Bai katse ba.

"Paulette," in ji Mama. "Ranar nan da na sa jakarki a mota. Na ga idonki. Na gani sarai, na yi kamar ban gani ba. Ba ni da abin cewa. Kin yafe mini?"

Yatsar Corinne ta tsaya a sama. Ita ta san amsar, a kunnenta aka faɗa, da hannu mai sanyi riƙe da nata. Amma tsohuwa ce, ita kaɗai a kicin, kuma nan da yamma babu sauran muryar. Wa zai sani? Tausayi ya kama ta, haushi ma ya kama ta, na su biyun da suka bar ta a tsakiya tun tana ƙarama. Ta runtse ido ta danna.

"Ƙwarai kuwa!" in ji Paulette, da fara'arta ta ciniki.

Corinne ta buɗe ido.

"Corinne," in ji Mama. Muryarta ta dawo daidai. "Allah ya yi miki albarka. Amma yayarki ba ta taɓa ce mini eh da sauri haka ba, ko a kan cin abinci. Kuma a asibiti ina bayan ƙofa, ba likita ba ne ya hana ni. Na ji da kunnena."

Hawaye suka zubo wa Corinne a kan madannan. Ba ta da bakin magana, ko da an ba ta izini.

"Akwai ɗayar amsar a wurinki, ko?" in ji Mama. "Danna min. Gara in ji daga bakinta."

Corinne ta ɗaga kai. Trent yana tsaye a ƙofar ofishinsa da abin kunne a kansa, ya kawar da fuska. Odalys ta daina aiki, ta toshe baki da hannu. Ta ko'ina a zauren Paulette tana ta gaishe da baƙi. Corinne ta kai yatsa ta danna.

"A'a," in ji Paulette, a hankali, ba faɗa.

Mama ta sauke wata doguwar ajiyar zuciya.

"Yauwa," ta ce. "Wannan ita ce 'yata."