Akori-kurar Malam Gregory

Shekara goma sha tara Malam Shu'aibu bakanike yana duba akori-kurar Malam Gregory, wata tsohuwar Fijo fara, har ta kai ko daga nesa ta taho da kukanta yake gane ta. Rumfarsa tana bakin titi a Nassarawa GRA, gindin wata dalbejiya, iyalinsa kuma suna Gama. Shi kuwa Malam Gregory mutumin Wusasa ne ta Zariya, malamin lissafi da ya yi ritaya. Yana zaune da matarsa Kezia a sashen baya na gidan wani ɗan kasuwa, suna kiwon kaji. Motar ce ke ɗauko dusa, ita ke kai ƙwai kasuwa.

Wata Alhamis da hantsi, a daminar shekarar 2000, saura 'yan kwanaki a ƙaddamar da Shari'a a Kano, sai ga Malam Gregory a ƙafa. Bai zauna a bencin da ya saba zama ba.

"Malam Shu'aibu, na yi ɓarna," in ji shi. "Ɗauko kayan aikinka."

Da suka isa gidan, Shu'aibu ya tarar da motar a kan jak, an cire taya ɗaya. Ya durƙusa ya shafa bakin aksul, inda babban notin da ke riƙe tayar yake hawa. Zaren ƙarfen ya kwanta, layi uku na farko sun cakuɗe kamar an tauna su.

"Wa ya taɓa ta?"

"Ni ne. Boris ɗin tayar ke kuka, na ce bari in canja da kaina. Notin ya hau a karkace, sai na bi shi da guduma."

"Guduma," Shu'aibu ya maimaita a hankali. "Ina nan da raina, sai yau ka zama bakanike?"

 A nan ne Shu'aibu ya ɗaga kai ya lura da tsakar gidan. Kejin kaji wayam, an kwance gado an jingine ƙarafunansa, keken ɗinkin Kezia a naɗe cikin zane. Ita ce ta fito ta ba da amsa.

"Kunyarka yake ji, Malam. Jibi za mu koma gida. Ya kasa kawo maka motar don kada ka tambaye shi ina zuwa."

Ta ce tun rikicin Kaduna na watannin baya 'yarsu Jacinta, da ke aikin jinya a Zariya, ba ta bar su sun huta ba. Kowane mako da wasiƙarta, maganar guda ce: su taho kafin ranar.

 Shu'aibu shi kansa ya ɗinka farar riga sabuwa domin wannan rana, ya daɗe yana ɗokinta. Ya so ya ce musu babu abin da zai faru, amma ya san ba a hannunsa gari yake ba. Wata dabara ta zo masa: ya ce aksul ɗin ya mutu, sai an nemo wani a kasuwar Ƙofar Ruwa, kuma sai an yi mako biyu. Kafin nan an yi taro an watse, sun ga lafiya, sun kwance kayansu. Har ya buɗe baki, sai ya dubi idanun Kezia, ya ga idanun wadda ta kwana biyu ba ta yi barcin kirki ba.

"Zai gyaru, Maman Jacinta," ya ce. "Amma sai an yi haƙuri."

Ya wanke wurin da fetur, ya sa tabarau, ya zaro wani siririn magagari mai kusurwa uku. Bai fara daga inda ya lalace ba. Ya koma can ciki inda zaren ke da lafiya, ya sa bakin magagarin a cikin rami, ya rinƙa bin sa zuwa waje, kaɗan-kaɗan, yana hure garin ƙarfe. Gregory ya jawo kujera 'yar tsugunno, ya riƙe masa laima don rana ta buɗe.

An jima Gregory ya ce, "Ba kai nake tsoro ba."

"Na sani."

"Ko mutanen unguwar nan."

"Na sani, Malam. Abin da malamaina suka karantar da ni, maƙwabci yana da haƙƙi ko addininku ba ɗaya ba. Sai dai ba kowa ya zauna gaban malami ba. Ba zan ce ka zauna ba, in wani abu ya same ku ban san inda zan sa kaina ba. Matso da laimar nan."

Da aka kira azahar, Kezia ta kawo buta da tabarmar da ta daɗe tana ajiye masa a bayan ƙofa. Ya yi salla, suka ci dafa-duka shi da Gregory a kwano ɗaya, ya koma bakin aiki. Ya ɗauki tsohon notin ya tsaga shi da zarto, ya shafa masa giris, ya ɗora. Ya juya rabi, ya dawo da shi, ya goge, ya sake juyawa. Haka ya yi ta yi har la'asar, notin yana share abin da magagari ya bari. Sannan ya fito da sabo daga aljihu ya miƙa wa Gregory.

"Ɗaura da hannunka. Ban da guduma."

Gregory ya ɗora shi da yatsu biyu, notin ya yi ta tafiya sumul har ƙarshe. Ya yi dariya, sannan ya cire tabaransa ya daɗe yana goge shi da bakin riga.

Ranar Asabar da sassafe, an gama lodi, sai ga Shu'aibu da sifana a hannu. Ya ce aikin da aka yi da magagari ba a sallamarsa a tsakar gida, sai ya ga yadda zai yi da kaya a kan hanya. Suka matsu su uku a gaba. Kezia tana nuna masa gidajen da take kai wa ƙwai, shi yana kasa kunne ga tayar.

A Kwanar Ɗangora ya ce a tsaya. Ya sauka ya dafa cibiyar tayar, ya ji ta da sanyi, ya girgiza ta bai ji motsi ba.

"Za ta kai ku," ya ce.

Suka yi musabaha, Gregory ya ƙi sakin hannunsa. Kezia ta ce ya gaida Sauda, matarsa, ya ce mata ta yafe rashin sallama. Shu'aibu ya tsaya a bakin titi har motar ta ɓace, sannan ya tsallaka ya nemi ta komawa Kano.

Ranar taron ta zo ta wuce lafiya. Shu'aibu ya aika musu da labari ta hannun wani direba, amma ba su dawo ba, kiwon ya karɓe su a Wusasa. Bayan shekara guda wasiƙa ta zo, Jacinta ta haifi 'ya mace, ana gayyatarsu suna. Sauda ta daka yaji, ta sayi turmin atamfa, suka kama hanyar Zariya. Kwana biyu suka yi niyya, Kezia ta riƙe su kwana huɗu.